Yaron Ne Amana, Ko Gurmin?

Wata Laraba da yamma, lokacin da makarantun boko ba su da karatu, ina zaune bisa tabarma a inuwar bedi tare da yara bakwai da nake koya wa gurmi, sai wani dattijo ya yi sallama. Ban san shi ba, amma da na ga yadda ɗaya daga cikin yaran ya sunkuyar da kai ya tura gurminsa bayan cinya, na gane ko wane ne. Muka gaisa, na gyara masa wuri, ya ƙi zama. Ya ce: "Malam, tambaya ɗaya ta kawo ni. Me kake so ka maida ɗana?"

Na ba shi amsar da ke bakina, wadda na saba bayarwa a tarurruka: al'adunmu suna ɓacewa, kayan kiɗanmu suna mutuwa, wajibi ne yara su riƙe gadon kakanninsu. Ya saurare ni har na ƙare, sa'an nan ya ce: "Gadon wa? Mu ba makaɗa ba ne. Kakansa fatauci ya yi tsakanin nan da Kano. In gado kake nema masa, ga shi can a rumfar kasuwa." Ya kama hannun ɗansa suka tafi.

Na daɗe ina jin haushin wannan magana kafin in yarda cewa dattijon ya fi ni gaskiya. Ya tambaye ni zancen ɗansa, ni kuwa na ba shi amsa a kan gurmi. Tun daga ranar nake juya tambayar tasa a raina, kuma ina ganin ta cancanci a shimfiɗa ta gaban ƴan'uwana malamai da shugabannin ƙungiyoyin al'adu, domin duk wanda ya ɗora hannun yaro bisa tsarkiya ko bisa fatar ganga ya ɗauki wani alhaki, ko ya sani ko bai sani ba. Mene ne burin malamin kiɗa a kan yaron da ke gabansa? Kuma in amanoni biyu suka yi karo, ta abin kiɗan da ta yaron, wacce za a gabatar?

Amsar da na ba dattijon ba ƙarya ba ce, shi ya sa take da daɗin faɗi. A da, kusan kowace sana'a tana da muryarta: kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, garaya ta maharba, gangar noma tana gaban manoma ranar gayya, kakaki da algaita da tambari suna ƙofar fada, a Damagaram ko Tsibiri ko Maraɗi. Ɗan makaɗi ba ya zaman darasi. Yana ɗaukar wa ubansa kaya, yana shiga cikin ƴan amshi, ana ba shi ƙaramar ganga ya riƙe bugu ɗaya shekara da shekaru, wata rana sai a tarar ya iya. Wannan makaranta ta gida ta raunana ƙwarai. Biki da yawa yau mutum ɗaya ne da piyano da lasifika yake ɗauke da shi, wani lokaci ma na'ura ce kawai. Wanda ya buɗe littafin da David Ames da Anthony King suka wallafa a 1971, inda suka tattara sunayen kayan kiɗan Hausa da wuraren da ake kaɗa su, ya riƙa tambayar kansa a kowane shafi ko saura wa ke kaɗa wannan a garinsu, zai rufe littafin jikinsa a sanyaye. Hukuma ma ta lura da haka, tun da a 1989 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa da bunƙasa shi a Yamai, wadda ke ɗauke da sunan El Hadji Taya.

Labarin da masu wannan ra'ayi suka fi kawowa shi ne na biram, kuma ya dace a kawo shi. Biram abin kiɗa ne na Buduma, masuntan Tafkin Cadi, mai siffar kwalekwale da tsarkiya 5. An kai lokacin da mutum ɗaya tak aka sani ya rage da ƙwarewa a kansa, wani tsoho mai suna Bukar Tar. A 2002 Malam Maman Barka, haifaffen Tasker, ya sami tallafin UNESCO ya tafi bakin tafki ya zauna gaban tsohon ya koya, har tsohon ya ba shi biram ɗinsa. Daga nan ya zagaya duniya da shi, a 2009 aka fitar da faifansa a Ingila, jama'ar da ba su taɓa jin sunan Buduma ba suka ji muryar abin kiɗansu. Da ya rasu a 2018, tsohuwar tambaya ta dawo: saura wa?

To amma a dubi labarin da kyau. Wanda ya je ya ɗauko biram ba yaro ba ne. Mutum ne da ya haura shekara 40, wanda ya riga ya yi aikin koyarwa a makaranta, ya riga ya yi suna da gurminsa, ya san abin da kiɗa ke bayarwa da abin da yake hanawa, kuma da ƙafarsa ya tafi. Ya ɗauki kayan yana sane da nauyinsa. Yaro ɗan shekara 10 ba shi da wannan sani. Idan na dube shi na ga rumbun da zan zuba gadon al'umma a ciki, to na riga na daina ganin mutum, gama rumbu ba a tambayarsa ko yana son hatsin da aka zuba masa. Daga nan sai in fara auna shi da yawan abin da ya adana, ranar da ya ce ya gaji kuwa in kira shi maci amana. Na ji malamai suna faɗin haka a kan ɗalibansu, ni ma na taɓa faɗi a zuciyata. Alhali yaron bai yi wa kowa alkawari ba. Mu ne muka yi alkawarin a madadinsa, a gaban baƙi, cikin jawabi.

Akwai kuma abin da dattijon bai furta ba amma yana ƙarƙashin maganarsa, kuma kowannenmu ya san shi. Al'ummarmu tana son kiɗa, ba ta cika son makaɗi ba. Gidan da ake jin Mamman Shata ko Ɗankwairo ko Ɗan Anace tun safe har dare, gidan ne zai yi shiru in ɗan makaɗi ya aiko neman aure. Muna raba masu sana'a gida biyu, na gado da na haye, kuma a fagen kiɗa na gado ana yi masa uzuri da cewa abin ya tarar, na haye kuwa ana tambayar me ya kai shi. Kada mu ɗauka wannan hali namu ne mu kaɗai. Aristo, masanin ƙasar Girka da ƴan lise suka sani da Aristote, ya yi wannan muhawara a ƙarshen littafinsa na siyasa tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ra'ayinsa shi ne yara su koyi kiɗa da hannunsu domin su iya rarrabe mai kyau da maras kyau, amma kada a kai su matsayin masu gasa da masu kiɗa don lada, saboda wanda ke kiɗa don faranta wa taro rai, taron ne ke sarrafa shi, har ya saukar da shi zuwa matakinsa.

Akwai girman kai na ƴaƴan gata a cikin wannan magana, kuma ban karɓe ta dukanta ba. Makaɗan fada sun riƙe mana sunayen sarakuna da tarihin garuruwa lokacin da babu mai rubutawa, kuma da habaici da zambo sun faɗa wa masu iko abin da fadawa ba su iya faɗi ba. Sai dai akwai ƙwayar gaskiya a ciki da bai kamata malamin kiɗa ya kauce mata ba. A ƙasarmu tarihi ya ƙulla kiɗa da roƙo har suka zama kamar abu ɗaya, ga shi kuwa abu biyu ne. Mutumin da abincinsa ke cikin aljihun wanda yake yabo, harshensa ba nasa ba ne gaba ɗaya. Abin da uban nan yake tsoro ke nan: kada wata rana ya ga ɗansa tsaye bayan motar wani yana zuga shi. Wannan tsoro ba jahilci ba ne, kuma ba a kawar da shi da jawabi a kan al'ada.

Saboda haka na sa wa kaina wata doka da wasu abokan aiki suke gani kamar tsanani. Yaran da nake koyarwa ba a yi musu liƙi. In sun yi wasa gaban jama'a, ina roƙon mai gabatarwa ya sanar tun farko cewa kada kowa ya manna wa yaro kuɗi a goshi. Mai son bayarwa ya sa a asusu, da shi za mu sayi fata da tsarkiya. Na ga abin da takardar jika ɗaya take yi wa yaro ɗan shekara 11 a gaban taro. Idonsa yakan bar tsarkiya ya koma kan aljihun manya, kuma kiɗan nasa yakan sake tun daga ranar: ya ƙara ƙarfi, ya ƙara sauri, ya riƙa maimaita wurin da ya jawo tafi. In ya girma ya zaɓi ya ci abinci da kiɗa, wannan shawararsa ce, kuma sana'a ce kamar kowace. Amma ina so hannunsa ya iya kiɗa tukuna kafin ya koyi miƙewa.

Zancen addini ma yana nan, kuma ba a ɓoye shi. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan kiɗa. Imam Gazali ya ware babi guda a cikin Ihya'u a kan sauraro, ya buɗe ƙofa ga wani ɓangare, ya rufe ta ga kayan tsarkiya. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tsananta a kan yawancin kiɗe-kiɗen zamaninsa, ya bar gangar yaƙi da ta tara jama'a. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma ba a nan za a yanke wannan hukunci ba. Abin da ya shafe ni a matsayin malami shi ne uban da ya ƙi saboda addininsa yana da haƙƙin ƙi. Laifina a labarin da na fara da shi ya girmi mummunar amsar da na bayar: na karɓi yaron wata biyu ban taɓa tambayar ko gidansu an sani ba. Na yi zargin ba a sani ba, na kau da kai domin yaron yana da kunne kuma ina son in riƙe shi. Yaron da ake koya wa kiɗa a ɓoye, darasinsa na farko shi ne yi wa iyayensa ƙarya, kuma malaminsa ne ya koya masa.

Bayan burin ceton gado akwai wani buri na biyu da ya fi shi ɓuya, domin ba a faɗinsa a jawabi, watau malami ya maida yara allon tallarsa. Duk wanda ya yi aiki da ƙungiya ya san yadda abin yake tafiya. Baƙi za su zo, ko masu ba da tallafi suna son hoto da rahoto, ko bukin ƙarshen shekarar karatu ya gabato. Sai a zaɓi yara biyu ko uku da suka fi hannu, a dasa musu kiɗa uku a ka, a yi ta maimaitawa har su iya shi cikin barci, sauran kuwa a ba su tafi ko a sa su riƙe tuta. Ranar wasa kowa ya yaba, a ce malam ya yi aiki. A nemi ɗaya daga cikin gwanayen nan ya bi waƙar da bai taɓa ji ba, sai a ga hannunsa ya tsaya. Zamanin samariya da bukin matasa na ƙasa da aka fara a 1976 sun ba mawaƙa da makaɗa da yawa dandalin da ba su taɓa samu ba, haka ma gasar da ke ɗauke da sunan Ɗan Gurmu na Tawa daga baya, kuma ba mai musun alherinsu. Amma shirya yaro domin gasa daban, koyar da shi daban, kuma mun sha rikita su.

Wannan cuta ba ta san iyakar ƙasa ba. A Benezuwela, José Antonio Abreu ya kafa wani shiri a 1975 mai suna El Sistema, wanda ya sa dubban ɗaruruwan yara cikin ƙungiyoyin kiɗa, duniya ta yi ta yabo tana kwaikwayo. A 2014 wani mai bincike ɗan Ingila, Geoffrey Baker, ya fitar da littafi bayan ya zauna a ƙasar, ya nuna cewa bayan kyakkyawan wasan akwai horo mai tsanani, da dogon maimaici, da yaran da aka fi kula da amfaninsu ga dandali a kan abin da su suka ƙaru da shi. Magoya bayan shirin sun yi masa raddi. Ko da rabin abin da ya faɗa ne gaskiya, ya isa gargaɗi ga mu masu yara bakwai a inuwar bedi.

To, me ya rage? Da dattijon zai sake yi mini tambayarsa yau, abin da zan fara ce masa shi ne ina so ɗansa ya sami kunne. Wannan magana tana kama da ƙarama, amma a wurina ita ce ginshiƙin aikin. Watan farko ba na koya wa yaro kiɗa ko ɗaya. Ina ba shi gurmi da na ɓata saitinsa da gangan, in kaɗa nawa, in ce ya gyara nasa har su zama murya ɗaya. Gurmi ba shi da kusoshin juyawa irin na gita. Ɗaurin fata ne a jikin sanda, ana tura shi sama ko ƙasa da ɗan yatsa, kaɗan-kaɗan, kuma tura shi kamar faɗin ƙwayar gero ya isa ya sauya murya. Yaro yakan tura ya wuce, ya dawo ya gaza, ya fusata, ya ce ai sun yi daidai. In ce masa ya rufe ido ya sake ji. Akwai wata rawa da sauti biyu suke yi in sun kusa haɗuwa amma ba su haɗu ba, kamar ana kaɗa ruwa a ƙwarya; tana raguwa yayin da suke matsowa, in sun haɗu sai ta kwanta. Ranar da yaro ya fara jin wannan rawa da kansa, fuskarsa takan nuna tun kafin ya yi magana. Daga ranar ba ya bukatar in ce masa ya yi daidai ko ya yi kuskure. Ya sami alƙali a cikin kansa, kuma alƙalin ba ya karɓar roƙo.

Ban san wani darasi a makarantunmu da ke ba yaro wannan da wuri haka ba. A aji, malami ne ke riƙe da gaskiya da jan biro, yaro yana jiran hukunci. A nan kuwa gaskiyar tana cikin iska, malami da ɗalibi duka suna ƙarƙashinta, kuma ɗalibi yana iya kama malaminsa. Shinichi Suzuki, malamin nan na Japan da ya koya wa ƙananan yara gogen Turawa mai tsarkiya 4 har ya rasu a 1998, ya gina hanyarsa bisa lura da cewa kowane yaro yana iya harshen uwarsa ta hanyar ji da maimaitawa kafin ya san harafi, kuma ya sha nanata cewa gyaran hali ya fi damunsa a kan fitar da gwanaye. Abin dariya, hanyar da mutanen duniya suka je Japan koyo ita ce hanyar da ɗan makaɗin Gobir ya bi tun fil'azal. Abin da ya kamata mu ɗauka daga wurinsa shi ne yardarsa cewa abin na kowane yaro ne, ba na ɗan gado kaɗai ba.

Daga nan ne zancen bulala ya fita daga hannuna. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma hannun da ke tsoro yana ƙagewa, kuma ƙagaggen hannu ba ya kiɗa. Mai koyon algaita da ake so ya iya shaƙar iska ta hanci yana busawa ba tare da sauti ya yanke ba, yakan yi kwanaki yana hura ruwa a kofi da ɗan kara, kumatu cike, yana neman kada kumfa ta tsaya. Ba tsawar da za ta gaggauta wannan. Haka kuma yaron da ya fi kowa nauyin hannu shi ne ma'aunin malami. Gwani zai iya ko da malaminsa gungume ne. Wanda ke ɗaukar wata uku kafin ya raba tsarkiyar sama da ta ƙasa, in ya kai shekara bai gudu ba kuma bai tsani kansa ba, a nan ne za a san an yi koyarwa.

Ina so kuma kowane yaro ya haɗa abin kiɗansa da hannunsa: ya zaɓi ƙoƙon duma, ya jiƙa fata ya ja ta, ya feƙe ɗan iccen nan da tsarkiya ke hawa wanda makaɗa ke kira jaki, ya ɗaura zaren kamun kifi da muke amfani da shi yanzu. Ya san cewa fata tana saki da damina sai an ɗan gasa ta a rana ko kusa da wuta, cewa goge ba ya magana sai an shafa wa gashin wutsiyar dokin ƙaro. Mai iya wannan ba ya jiran kwali daga Turai kafin ya yi kiɗa. Ya kuma san take na wane ne, domin take suna ne. Wanda ya kaɗa taken mahauta a gaban sarki, ko na sarki a dandalin ƴanmata, ya yi ɓaranɓarama ko da hannunsa zuma ne.

Sai gaskiya a kan abinci. Ba na ce wa yaro kiɗa zai ciyar da shi, gama ƙalilan yake ciyarwa, kuma yawancinsu da wahala. Duk ƙarshen wata uku ina neman takardar sakamakon kowane ɗaya, wanda ya ja baya a aji yana hutawa da gurmi har ya gyara. Wasu na cewa wannan ba aikina ba ne. Ni kuwa ina tuna cewa "Malam" ɗin da ke gaban sunan Maman Barka daga aji ya samo shi. A nan zan ɗan ratse in ce wani abu a kan ƴanmata: mun bar musu shantu da ƙwarya mun ce ya ishe su, kuma a cikin yara bakwai na wancan lokaci babu mace ko ɗaya. Ban taɓa hana su ba, amma ban taɓa zuwa na gayyato su ba, kuma sakamakon ɗaya ne.

Mafi wuya a cikin aikin shi ne saki. Wani ɗalibi zai fi ka, ya kaɗa abin da ba ka koya masa ba, kuma dole ka hana bakinka cewa ba haka ake yi ba alhali abin da kake nufi shi ne ba haka nake yi ba. Wani zai ajiye gurmi ya koma piyano ko gita, domin can ne samari suke, can ne kuɗi yake. Mafi yawa kuwa za su bari gaba ɗaya, su zama direbobi da malaman asibiti da ƴan kasuwa. Mai karatu yana iya cewa: in haka ne, ashe ka yarda kayan kiɗanmu su mutu ke nan. Wannan suka tana da nauyi, kuma ba zan yi kamar na kawar da ita ba. Wasu za su mutu. Wajibi ne a ɗauki sautinsu da hotonsu, a rubuta yadda ake ƙera su, a tallafa wa manyan da suka zaɓi ɗaukar su kamar yadda aka tallafa wa Barka. Wannan bashi ne a kan hukuma da ƙungiyoyi da mu manya, kuma ba daidai ba ne mu tura wa yara takardar biya.

Ina ma ganin lissafin masu sukar bai cika ba. Abin kiɗa yakan rasa masu sauraro kafin ya rasa mai kaɗawa; in babu mai gayyatar mai goge, ɗan mai goge zai nemi babur ya yi kabu-kabu. A nan Aristo ya yi gaskiya: wanda ya taɓa kiɗa da hannunsa yana yaro, ko ya bari, ya zama mai ji. Shi ne zai san bambancin gwani da mai hayaniya, shi ne wata rana zai ce a kira masu kalangu bikin ƙanwarsa, shi ne kuma uban da ɗansa ba zai ɓoye masa gurmi ba. Wanda kuwa abin yake cikin jininsa, ba a cika iya tare shi ba. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, ya tashi a gidan da ba a son kiɗa, ya haɗa gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke, daga baya ya cika dandali a Amurka da Turai. Irinsa ba sa bukatar a tura su. Abin da suke bukata shi ne in sun zo su tarar da ƙofa a buɗe da mutumin da ya san aikin.

Bayan mako uku na je rumfar dattijon a kasuwa. Na ce: "Alhaji, na zo ba da haƙuri. Na karɓi ɗanka ban nemi izininka ba." Ya ba ni kujera a wannan karo, ya sa aka kawo shayi, muka yi zancen farashin gero da na hanya kafin mu dawo kan yaron. Na faɗa masa abin da nake koyarwa da abin da ba na koyarwa, na ce in ya ce a'a magana ta ƙare, ba zan sake karɓarsa ba. Bai ba ni amsa a ranar ba. Laraba ta biyu yaron ya zo da saƙo: Baba ya ce ba biki, ba kuɗi, kuma magariba ta same shi a gida.

Ya yi shekara biyu da wani abu tare da mu. Bai zama gwani ba; kunnensa ya fi hannunsa nesa ba kusa ba, kuma ya san haka. Da ya ci BEPC aka tura shi lise a wani gari, ya kawo mini gurmin da ya haɗa da kansa ya ce in ajiye masa, don Baba ba ya son ganinsa rataye a ɗaki. Yana nan a jikin bango tare da sauran. In ya zo hutu yakan biyo, ya gaishe ni, ya sauko da shi ya busa ƙura, ya zauna can gefe ba ya shiga cikin ƙananan. Hutun da ya wuce ina nuna wa wani sabon yaro yadda ake bin amshi, sai na ji murya daga baya: "Malam, ta ƙasa ta sauka." Na tsaya na kaɗa ta ita kaɗai. Ta sauka kuwa.